Ta Tsaye da Ta Kwance

Ranar Talata ta tsinke,
ta huɗu daga tsakiya,
da ƙara kamar an karya tsinken tsire.
Na tsaya ina leƙen sama ta ramin raket,
Sabi'u can ƙetaren raga yana ta dariya.

Na kai wa Ilu a Fagge,
rumfarsa maƙale tsakanin mai naɗin fanka
da mai cajin batir.
Na ce, "Irin ta da. Foliyesta, tsaye da kwance,
ka ja ta kilo ashirin da shida."

Bai ce uffan ba.
Ya dubi gwiwar hannuna da ɗaurinta,
ya shaƙi man zafin da na shigo da shi,
ya sa almakashi ya dinga datse tsohuwar tsirkiya,
ƙas, ƙas, ƙas,
kamar mai yi wa ɗan fari aski.

"Ubana masaƙi ne," in ji shi,
"bai taɓa haɗa gwado da zare iri ɗaya ba.
Na tsaye mai murɗi, mai taurin kai,
abawa a kwance, mai laushi.
Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ba da haƙuri."

Ya zaro naɗi biyu daga gwangwanin madara.
Baƙar nan, foli ce:
tana cizon ƙwallo, ta murza ta,
ta dire ta cikin layi ko ka doka da fushi,
amma ba ta san tausayi ba,
duk abin da ƙwallo ta kawo, ƙashinka take miƙa wa.
Wannan mai ruwan zuma kuwa, hanjin saniya ne,
an wanke, an murɗe, an busar a ƙasar sanyi,
ya dawo mana cikin leda mai hatimi
da kuɗin rabin buhun shinkafa.
Na ce, "Hanji? Wanda nake ci da yaji a Sabon Gari?"
Ya ce, "Shi. Ya yi karatu ne kawai."

To, wace a tsaye?
"Ta tsaye ke magana, Alhaji,
ta kwance amshi take yi.
Ka sa foli a tsaye, ka sami cizo da ƙarko,
hanji ya bi ta baya yana lallashi.
Ka juya su, ka sami taushi da nisa,
ƙwallo ta ɗan zauna a tafin raket
kamar baƙon da aka ba ruwa,
sai dai zai yi gashi da wuri, ya tsufa,
kuma shi da damina ba sa ga maciji."

Na yi shiru ina lissafi.
Shekara hamsin da uku.
Dukan da nake ji ina yi a mafarki
na wani yaro ne da na bari a Rumfa,
mai farin kambas, wanda ba ya jin ciwo sai yunwa.
Shi nake ta saya wa tsirkiya
shekara talatin.

Na ce, "Hanji a tsaye."
Ya ce, "Ashirin da huɗu. Foli kuma ashirin da biyu,
don ita ko an sassauta mata ba ta russunawa.
Kada ka bar shi a but ɗin mota.
Ranar Afrilu a garin nan
ko alkawari tana sassauta shi."

Na zauna kan benci ina kallon yatsunsa,
sama, ƙasa, sama, ƙasa,
yana ratsa baƙa cikin ruwan zuma,
ƙoshiyar ubansa ce ba itace.

Juma'a bayan la'asar, a Nasarawa,
Sabi'u ya sake cinye ni, shida da huɗu.
Amma sautin ya canja:
da ƙwas nake ji, yanzu tum,
ƙaramar ganga a tafin hannu.

Da asuba na ɗaga buta da hannun dama,
har na gama alwala ban tuna da gwiwar ba.
Na ɗauko raket a gindin fitila na duba:
ta biyar daga hagu
ta fara fid da furfura.